Shekarar da Holan da Jawa Suka Shirya

Ran nan ina kishingiɗe a zaure na ji ɗayanku yana cewa wai harkar fatar guza ba sana'a ba ce, kama babban ƙadangare ne kawai a feɗe a shanya, ko makaho ya iya. Wani kuma ya ɗaga kai ya dubi damin nan da ke rataye a jikin azara, ya ce me ya hana a kai wannan tarkacen juji. Na yi shiru ne don akwai baƙo a wurin, amma maganar ta tsaya mini a wuya har yau. Ku da ko kaza ba ku iya figewa ba sai kun yage mata fata, ku ne za ku gaya mini abin da ake kira sana'a. To, zan gaya muku yadda ake fiɗar guza, in kuma gaya muku na wane ne damin nan, don kada wani ya kai masa hannu bayan raina.

Guzan da na fara feɗewa, a tsakar gidan nan na feɗe shi, gaban kawuna Gwani Habu, ƙanin mahaifiyata, wanda a hannunsa na koyi aikin. Kafin ranar na daɗe ba abin da nake yi sai wasa wuƙa da tsinto ƙayar aduwa. Da ya ga dama sai ya miƙo mini aska, ya ce in kwantar da guzan rigingine. Tsinin aska ake sawa a ƙarƙashin haɓa, a ja layi ɗaya ta tsakiyar ciki har wutsiya. Daga nan a ajiye ƙarfe, babban yatsa ke sauran aikin, yana tura fata tana rabuwa da nama a hankali. Wurin hammata fatar ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Ni kuwa ina ɗokin a ce na iya, na sake ɗaukar aska a wurin da bai kamata ba, na huda ta. Kawu bai dake ni ba. Ya ɗaga fatar sama, ya sa ido a hujin ya leƙo ni, ya ce ikon Allah, ta nan ana hango wawa sarai. Ya sa na rataye ta a ƙofar ɗakina, duk wanda ya shigo gidan sai ya tambayi ta wane ce.

Shanya ma da kuka raina, a nan ake gane wanda ya iya. Ba a rana ake yi ba, rana tana ƙona ta ta karye kamar ƙanzo. A inuwa ake share ƙasa, a barbaɗa toka, a shimfiɗa fata ɓangaren nama yana sama, a kafe gefenta da ƙayar aduwa. Ka ja da yawa, zanen ya baje ya zama ba kyan gani. Ka ja kaɗan, ta ƙanƙance ta yi tamoji. Sai ka kankare kitsen gindin wutsiya tas, in ka bar ko ɗigo can ƙwaro zai fara. Kana yi kana korar kare, kana korar shirwa. In kuma jeme ta za a yi, sai a shiga zancen bagaruwa da kwatarniya, wannan kuma karatu ne na daban da ba za ku iya zaman jinsa ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne dalilin da ya sa muke tsagawa ta ciki. Dukiyar guza a bayansa take. Can ne kauri, can ne zanen nan mai ɗigo-ɗigo. Dukawa shi suke nema su yi kuben wuƙa da rufin laya. Masu goge shi suke ɗaurawa a bakin ƙwarya. Akwai wani Tanko mai goge, mutumin Miga, duk kaka sai ya zo. Ba ya ko kallon fata, sai ya kai ta kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da farce, ya ajiye, ya ɗauki wata, har ya sami mai muryar da yake so. Kantunan Turawan Ingila da na Kwarori, Larabawan nan 'yan kasuwa, da ke tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori su ma tsagar ciki suke saye. Farashinsu ba yabo ba fallasa, amma kullum ƙofarsu a buɗe take.

Fatun kuwa daga fadama suke zuwa mana, can bayan Baturiya har wajen Guri. A lokacin ba a datse ruwa a sama ba, in kogi ya kawo sai ka yini a jirgi ba ka ga busasshiyar ƙasa ba. Masunta ne ke kama guza a gefen sana'arsu, su sa ruɓaɓɓen kifi a ƙugiya su ɗaure a gindin itace, su feɗe a can su shanya su tara. Babbansu a wurinmu shi ne Bulama Maina, mai wani ƙauye a kan tudu tsakiyar ruwa. Mahaifinsa ya yi hulɗa da mahaifin Kawu. Kuma gidan nan yana da doka ɗaya da aka gada: kayan da ya shigo zauren nan ba ya komawa. Mai kyau ne, marar kyau ne, za a tantance a ba kowanne darajarsa, amma mutum ba zai sha ruwa da rana ya zo Haɗeja ya koma da daminsa a ka ba. Wannan dokar ita ce jarinmu, ita ta sa ko Kwara ya ƙara musu wani abu ba sa tsallake mu.

Ana nan, bayan an gama yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, sojoji sun dawo, sai ga wani Bature dogo ya yi sallama a zauren nan, lofe a bakinsa kamar da shi aka haife shi. Mai Lofe muka sa masa. Tafintansa wani tsohon soja ne, Kofur Garba, ɗan garin nan. Kofur ya ce wannan ba Baturen Ingila ba ne, daga wata ƙasa yake Holan, 'yar ƙarama, wai ba ta fi lardin Kano ba, rabinta ma da ƙyar suka ƙwace ta daga bakin teku. Amma duk ƙanƙantarta ta daɗe tana riƙe da wata babbar ƙasa can gabas mai nisa, Jawa, wadda yanzu kuke ji a rediyo ana kira Indunisiya. Kawu ya san sunan, don alhazai suna ba da labarin mutanen Jawa da suke haɗuwa da su a Makka, Musulmi ne masu ladabi. Kofur ya ce su ma suna da guza, kuma fatarsa ce ake kaiwa Holan a yi wa mata takalma da jaka. Da yaƙi ya zo Japan ta kori 'yan Holan daga can. Da aka gama suka dawo su ci gaba da mulki, mutanen Jawa suka ce allambaran. Yanzu faɗa ake yi, jirgi ba ya zuwa, masu takalma sun zauna ba aiki, shi ne aka turo Mai Lofe ya nemo guza duk inda yake.

Sai ya buɗe jakarsa ya fito da fatar Jawa ya shimfiɗa a kan tabarma. Muka yi cirko-cirko. An tsaga ta ta gadon baya, zanen ya rabu biyu ya koma gefe da gefe, farin ɓangaren ciki mai santsi ya zo tsakiya. Wai shi masu takalmansu suke so, a kansa aka yanka musu ma'auni. Ya ce in za mu yi masa irin wannan, zai ninka abin da Kwara ke bayarwa, kuma ko nawa aka kawo zai ɗauka.

Kawu ya juya fatar, ya shinshina. Mutum ne da bai yi karatun boko ba, amma ya sha raba faɗan ma'aurata a unguwa. Ya ce, "Kofur, tambaye shi. In sun shirya fa?"

Mai Lofe ya cire lofen ya yi dariya, ya yi magana mai tsawo. Kofur ya ce wai jini ya riga ya shiga tsakani, an ƙone gidaje, an kashe mutane ta kowane ɓangare. Kawu ya ce a sake tambayarsa, don shi fatar da aka tsaga ta baya ba ta da wani mai saye a ƙasar nan sai shi. Baturen ya miƙo hannu ya kama na Kawu, ya faɗi kalma biyu da Hausar da ya koya a hanya: "Har abada."

Tsagar baya ta farko da na yi, sai da na lalata guza ya fi a ƙirga kafin hannuna ya faɗa. A lokacin ni ba yaro ba ne, na yi aure, ni ke riƙe da shanya gaba ɗaya, amma na koma kamar ranar da aka fara ba ni aska. A baya fata manne take da ƙashi, ba ta bin yatsa. Ga tozon wutsiya mai kaifi da sai ka raba shi daidai, in ka kauce kaɗan gefe ɗaya ya fi ɗaya, Bature ya jefar. Sai da Kawu ya sa maƙeri ya ƙera mana wata 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki. Da muka iya, muka shiga jirgi ni da shi, muka bi fadama ƙauye ƙauye muna koya wa mutane.

A ƙauyen Bulama Maina aka yi gardama. Ya tara mutanensa a gindin wata ɗinya, ya kalli yadda na tsaga, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an buɗe dabba ta baya ba, ko kifi ta ciki ake buɗe shi. Ya ce kuma in Baturen nan ya tafi, wa zai saya? Kawu ya gaya masa abin da aka gaya masa, har da kama hannu. Bulama ya ce shi bai san Bature ba, bai san Holan ba, Gwani ya sani. Nan Kawu ya dafa ƙirji a gaban jama'a ya ce, "Duk fatar da kuka tsaga ta baya, a wuyana take. In kun kawo zaurena ba za ta koma ba." Bulama ya ce shi ke nan, ya karɓi wuƙar daga hannuna.

Ba zan ɓoye muku ba, an ci daɗi na 'yan shekaru. Kawu ya ƙara jakuna, ya cika rumbuna, aka yi wa zauren nan sabon daɓe. A fadama kuwa abin ya wuce misali. Mutane suka rataye koma da taru, suka bar gonakin shinkafa ciyawa ta cinye, kowa ya koma bin guza. Me zai sa ka sha sanyin ruwa kana su, alhali fata ɗaya za ta sayo maka hatsin da kifin yini ba zai sayo ba? Har ya zama in ka ba yaron fadama guza, da kansa hannunsa ke kifa shi ya nemi gadon baya. Da Tanko mai goge ya zo wata kaka, ya tone ɗakin fata tun daga ƙofa har ƙurya bai sami tsagar ciki ko ɗaya ba. Kawu ya ji kunya, ya ce zai aika a yi masa ta musamman. Aka aika, amma duk babban guzan da aka kama ba mai yarda ya tsaga shi ta ciki ya yi asara. Tanko ya karkaɗe rigarsa ya ce to, Allah ya sa matan Holan su riƙa yi muku kiɗa ranar suna.

Shekarar da abin ya faru, ba a taɓa tara fata irin ta ba. Ruwa ya ja baya, muka ɗaure kaya a kan jakuna muka nufi Malam Madori, ni da Kawu. Tun daga nesa na ga abin da bai yi mini ba: an cire ma'auni daga ƙofar kantin Mai Lofe, leburori suna fitar da akwatuna. Mai Lofe yana tsaye yana nuna musu da bakin lofe. Da ya gan mu bai ko ji nauyi ba, ya gaishe mu da fara'a, ya kira Kofur ya ce ya yi mana albishir. Wai an zauna a teburi, sarauniyar Holan ta sa hannu, manyan Jawa sun sa hannu, an ba su ƙasarsu. Wai har za a yi musayar jakadu, wannan ya aika nasa can, wancan ya aiko nasa nan. Jirage sun fara zuwa, fatar Jawa ta fi tamu faɗi, ta fi araha, daga gida an ce ya rufe ya koma. Albishir fa ya kira shi.

Kawu ya ce, "Ka ce har abada."

Kofur ya juya masa, ya juyo da amsa yana kallon ƙasa. "Kawu, wai ya ce a lokacin haka ne."

Kawu ya nuna jakuna, ya ce to ko waɗannan ya ɗauka, da na ɗaki, da waɗanda ke kan hanya daga fadama, tunda da bakinsa ya ce a tsaga. Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ɗan aike ne, ba shi ya ɓata da Jawa ba, ba shi ya shirya ba. Na rantse muku, da ba don Kawu ya riƙe mini hannu ba, da ranar na kwana a gidan yari. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai ɗauka ya yi mana wani laifi ba. A ganinsa ciniki ne ya ƙare, a yi sallama. Kawu ya dubi Kofur ya ce, "Ashe auren kisan wuta aka ɗaura da mu. Miji da mata sun ɓata, aka nemo mu mu riƙe, yanzu sun mai da aurensu."

Muka ja jakuna zuwa kantin Kwara. Ya zaro ɗaya ya ɗaga, ya yi tsaki, ya ce masu sayensa baya suke so, wannan an kashe bayan. Kantin Ingila ma haka. Muka kai kuka wurin wani Baturen mulki, ya saurare mu da kyau, ya ce magana ce tsakanin ƙasashe biyu na waje, ba ta shafi gwamnati ba. Lokacin karɓar haraji kuwa fatar guza ta shafe su sarai. Muka kwana a tasha, muka komo Haɗeja da kayanmu yadda muka tafi da su.

Washegari aka tura 'yan aike fadama a ce a daina tsagar baya. Amma aikin shekara an riga an yi shi, yana jibge a ɗakunan mutane, kuma mutanen nan ba su yi su ba, ba su yi noma ba, da fatun nan suka dogara su ci abinci har damina. Na ce wa Kawu mu gaya musu gaskiya, Bature ya gudu, kowa ya ji da kansa. Ya ce su da Bature suka yi magana ko da shi? Ya sa aka buɗe rumbu. Duk wanda ya sauke dami a zauren nan, a tantance masa kamar kullum, a auna masa gero ya tafi da shi. Muna karɓar abin da muka san ba zai sayu ba, muna ba da abin da za mu ci. Da rumbun farko ya ƙare aka buɗe na biyu. Da suka ƙare duka aka kai jakuna kasuwa aka sayo hatsi da su.

Mun nemi mafita, kada ku ce mun zauna ne. Dukawa suka ɗauki kaɗan, suka ce farin ɓangaren ciki ba ya yi wa kube kyau, ba mai sayen wuƙa da shi. Na zauna na haɗa gefe biyu na wata babbar fata na ɗinke da zare siriri, bayan ya koma tsakiya, aka aika wa Tanko. Ya zo, bai yi mana gori ba, Allah ya ji ƙansa. Ya jiƙa ta ya ɗaura a ƙwarya, ya bari ta sha iska, ya kafa tsirkiya ya ja izga. Sautin ya fito kamar akuya mai mura. Ya ƙara matsewa, ɗinkin ya ɓalle daga sama har ƙasa. Ya gwada wata da farin ɓangaren cikin a tsakiya, shi kuma ya fashe tun kafin a ja. Ya ajiye ƙwaryar ya ce Gwani, abin da aka raba ta baya ba ya komawa.

Bulama Maina shi ya zo ƙarshe. Da gangan ya yi haka, ya bari duk mutanensa suka riga shi, don shi ne babba. Ruwa ya riga ya ƙafe, da ƙafa ya zo, ɗansa yana jan takarkari da dami ɗaya babba da buhunan da za a zuba hatsi. Ranar a gidan nan ko na tuwon dare babu, daga gidan surukaina aka aiko mana. Kawu ya fito ya tarbe shi, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Aka sauke dami a nan, daidai inda kuke ajiye takalmanku. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Sai Kawu ya kama hannun Bulama ya kai shi bayan gida ya nuna masa rumbuna a buɗe, ya nuna masa turakun jakuna ba jakuna. Ya roƙe shi ya koma da fatun ya adana, in Allah ya kawo mai saye zai aiko.

Bulama bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gwani, ubanka bai taɓa mai da ubana ba. Ni ma ba zan koma da su ba, kada a ce a kaina aka fara." Ya sa ɗansa ya naɗe buhunan yadda suka zo, suka juya. Ko ruwan bai sha ba.

Da damina ta sauka ɗakin fata ya fara wari, ƙwaro ya shiga, gara ta biyo ta ƙasa. Muka haƙa rami a bayan gari muka yi ta kwasa muna binnewa, maƙwabta suna toshe hanci. Na zo zan haɗa da damin Bulama, Kawu ya daka mini tsawa, ya ce wannan ba namu ba ne, ba mu biya ba, ba mu da ikon zubarwa. Shi ya sa aka rataye shi a azara inda hayaƙi ke samunsa. Ƙauyen Bulama kuwa a wannan shekarar ya watse. Waɗanda suka sami hatsi sun ɗan kai, gidansa da ya fi kowane yawan baki bai kai ba. Suka fita cin rani wajen Nguru, wasu ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo suka koma tsagar ciki, amma kai tsaye suke wucewa da ita wurin Kwara, ta ƙofar gidan nan, ba sa ko waiwaye. Ba wanda ya tuna rumbunan da aka buɗe, abin da aka riƙe shi ne an mai da Bulama hannu wofi. Kawu bai sake shiga fadama ba har ya rasu.

Bayan rasuwarsa, shekarar da na fara samun kaina, na ɗora buhunan gero a kan jakin haya na nemi Bulama. Na same shi a wata bukka a gefen Baturiya, ya tsufa, yana gyaran koma. Na ce ga hatsin fatunsa, Kawu ya bar wasiyya. Ya yi wa Kawu addu'a mai kyau, ya ce ya san ba shi ya cuce shi ba. Amma ya ce in mai da kayana. "Ɗan Gwani, hatsin bana ba ya maganin yunwar waccan shekarar. Waɗanda za su ci shi suna ƙasa." Na yi magiya, na kawo masa limamin wurin, ya ƙi. Na komo da gero kamar yadda ya koma da buhu.

Kuna tsammanin nan ta ƙare? Ana gab da Turawa su miƙa mulki, sai ga Kofur Garba a zauren nan, ya yi furfura, tare da wani saurayin Bature mai jan kunne. Wai Holan da Jawa sun sake ɓatawa, wannan karon Jawa ce ta kori 'yan Holan kaf, ta karɓe kantunansu, jirgi ya daina zuwa. Saurayin ya buɗe jaka ya fito da fata tsagar baya ya shimfiɗa mini a tabarma, yana yi mini bayani kamar ban taɓa gani ba. Zai ninka farashi, ko nawa ne zai ɗauka. Na bari ya gama. Na sa aka sauko da damin nan, na kwance shi a gabansa, ƙura ta tashi, rabin fatun sun zama gari. Na ce ga irin wadda yake so, mutanensa ne suka sa aka tsaga, ya fara sayen wannan a farashin da aka yi alkawari, sannan mu yi maganar sabuwa. Ya toshe hanci ya ce shi bai san wannan zance ba, kamfaninsu ma daban ne. Na ce wa Kofur ya tambaye shi, wannan karon saki nawa ne tsakaninsu da Jawa. Kofur ya ƙi fassarawa. Na ce to ya gaya masa gidan nan ya yi kisan wuta sau ɗaya, wanda aka ɗaura da shi yana kabari, su nemi wani. Na ji daga baya sun sami wasu samari a wajen Guri sun yi musu, na kuma ji yadda suka ƙare, amma wannan labarinsu ne.

Da suka fita na tattara abin da ya saura, har garin, na ɗaure na mai da shi azara da hannuna. Shi ne kuke kira tarkace. Bulama ya rasu, ɗansa ya rasu, ban san inda jikokinsa suke ba. In kuna son koyon fiɗa, ga aska, ga dutsen washi, ku fara da tsinto ƙayar aduwa kamar yadda na fara. Amma damin nan ku bar shi inda yake. Ba nawa ba ne balle in ba ku izini. Kayan Bulama Maina ne, ya shigo zauren nan, kuma har yau ba a sallame shi ba.